Tuwon ya yi daɗi, ina mai tuƙawa?

A bakansen da ya wuce wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Faransa ya turo mani wani fim ta salula, ya rubuta a ƙarƙashi: "Mushe, ku kalli wannan, abokiyar aikinku ce." Kwana uku na yi ban buɗe ba. Ranar da na buɗe, da dare ne bayan an ɗauke ruwa, yara sun yi barci, ina kishingiɗe a zaure ina korar sauro. Na ga wata tsohuwar Baturiya mai tsabta, mai magana a natse irin ta malaman da suka daɗe a gaban allo. Faransancinta ba gargada, kowace jimla da kanta da ƙafarta. Shekara kusan talatin ke nan ina koyar da wannan harshe a kwalejoji na jihar Maraɗi, saboda haka kunnena ya san malami tun kafin ya faɗi sana'arsa.

Sunanta Marie-Pierre Pruvot, amma Faransa ta fi saninta da Bambi. An haife ta a 1935 a garin Isser na ƙasar Aljeriya, zamanin mulkin mallaka. Ranar suna sunan namiji aka raɗa mata, takardar haihuwa ma namiji ta ce. Ita kuwa ta ce tun tana ƙarama ba ta taɓa jin sunan nan nata ne ba. Tana daga cikin waɗanda gidajen rediyo ke kira masu sauya jinsi, wato mutumin da aka haifa da jikin namiji ya rayu a matsayin mace. Kada a haɗa su da mata-maza, waɗanda halittar jikinsu ce ta zo a haɗe tun daga ciki. Wannan daban, wancan daban.

Tana cikin ƙuruciya wata ƙungiyar ƴan rawa ta wani gidan wasa na Paris mai suna Carrousel ta zo birnin Alje. Cikinsu akwai Coccinelle, wadda ita ma da sunan namiji aka haife ta a 1931. Bambi ta ce a ranar ta gane cewa akwai irinta a duniya, kuma suna cin abinci da guminsu. Ba ta kai shekara ashirin ba ta haye teku. Ta fara a gidan wasa na Madame Arthur, daga baya ta koma Carrousel, inda ta yi kusan shekara ashirin tana waƙa da rawa, ana buga hotonta a jaridu, ana yawo da ita ƙasa-ƙasa.

Mai karatu zai ce to ai ta ji daɗi. A kan dandamali, i. Masu kuɗin Paris su biya kuɗin kujera, su tafa, su aiko da furanni. Amma da gari ya waye, wanda takardarsa ta ce namiji ga shi kuma da kayan mata, ɗan sanda na iya tare shi a titi ya tafi da shi. Ba ofishin da zai ɗauke shi aiki, ba kantin da zai sa shi a bayan teburi. Ƙofa ɗaya aka bar masu a buɗe, ita ce ta gidan rawa, ta biyun kuwa bakin titi ce. Shi ya sa in ka bi tarihin irin waɗannan mata za ka yi ta cin karo da mawaƙa da ƴan rawa da masu gyaran gashi. Wasu baiwa ce ta kai su, da yawa kuwa rashin wata hanya ne.

Coccinelle ce ta fara zuwa Kasabalanka ta ƙasar Maroko a 1958, wajen wani likita Bafaranshe mai suna Georges Burou, aka yi mata aikin tiyata. Daga baya ta yi aure a Paris, har da ɗaurin aure a coci, jaridu suka yi ta cin kasuwa da labarin. Ta cika babban zauren wasa na Olympia, ta fito a finafinai, ta mutu a Marsey a 2006. Bambi ma ta bi hanyar Kasabalanka, amma ta yi wani lissafi da Coccinelle ba ta yi ba. Ta san rawa da ƙuruciya take tafiya. Sai ta koma karatu tana da shekara talatin da ƴan kai, ta ci bak, ta shiga jami'ar Sorbon, ta yi nazari kan marubuci Marcel Proust. A 1974 ta ci jarrabawar shiga aikin koyarwa. Aka tura ta Cherbourg, daga baya Garges-lès-Gonesse, wata unguwar talakawa da baƙin haure a gefen Paris, inda ta koyar da Faransanci fiye da shekara ashirin. Gwamnati har lambar girma ta malamai ta ba ta, wadda ake kira Palmes académiques.

Duk tsawon shekarun nan ba ta bari ɗalibai ko iyayensu sun san ita ce Bambi ba.

A nan na dakatar da fim ɗin na tashi zaune. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba a ɓoye wa aji komai. Yara sun san takalminka nawa, sun san ranar da kuka yi faɗa da uwargida, sun san sunan da ake tsokanarka da shi kana yaro. Ka yi tunanin mace ta shiga aji kowace safiya shekara da shekaru, ta san cewa tsohuwar jarida guda a hannun uban wani yaro ta isa ta raba ta da aikinta. Abokan aiki suna hira a ɗakin malamai, kowa na ba da labarin ƙuruciyarsa, ita tana gyaran takardu. Ba sata ta yi ba, ba kisa ta yi ba. Ƙasar da ta tafa mata tana rawa, ta kuma maƙala mata lamba tana koyarwa, ba ta yarda a haɗa matan biyu a ce mutum ɗaya ce ba. Sai bayan ta yi ritaya ta fara rubuta littattafai kan rayuwarta. A 2013 Sébastien Lifshitz ya yi wannan fim da aka turo mani, ya kuma ci kyauta a bikin finafinai na Barlin.

Kwanakin da suka biyo baya na shiga bincike, kamar yadda malami kan yi in abu ya tsaya masa a rai. Na tarar labarin ɓuya ba na Bambi ba ne ita kaɗai.

Ga Wendy Carlos ta Amurka, haifaffiyar 1939, wadda ta karanta kimiyyar lissafin halitta da kiɗa a jami'a. Ta yi aiki tare da Robert Moog, injiniyan da ya ƙera wata na'ura mai fitar da sautin kiɗa da lantarki, tana gwadawa tana gaya masa inda za a gyara. Na'urar a lokacin sauti ɗaya take fitarwa a bugu ɗaya, sai an ɗauki kowane a faifai, a ɗora wani kan wani, aikin haƙuri irin na mai saƙar tabarma. A haka ta sake kaɗa kiɗan Bach, ta fitar da faifan Switched-On Bach a 1968. Ya ci kyautar Grammy uku, an sayar da fiye da miliyan ɗaya, kuma shi ya sa duniya ta yarda cewa akwatin waya da maɓallai na iya zama kayan kiɗa. Fiyanon da yaranmu ke bugawa a ɗakunan ɗaukar waƙa na Maraɗi da Damagaram jikan wannan akwati ne, ko da na nesa. Ita ta yi kiɗan finafinan Stanley Kubrick biyu, A Clockwork Orange na 1971 da The Shining na 1980, da kuma na Tron a 1982.

Lokacin da faifan ya yi suna ta riga ta fara rayuwa a matsayin mace, amma sunan namiji ne a jikin kwalin. Sai ya zama in dole ta fita gaban mutane, ta manna sajen ƙarya, ta sa kayan maza. In manyan mawaƙa suka zo nemanta, abokiyar aikinta Rachel Elkind ta ce ba ta nan. Kusan shekara goma tana kulle a gida a daidai lokacin da duniya ke son ganinta. A 1979 ta faɗi gaskiya a wata hira da mujalla. Daga baya ta ce mutane ba su damu ba kamar yadda ta ji tsoro, kuma shekarun nan asararsu ta yi.

Na ukun shi ya fi ba ni kunya, don na san aikin tun da daɗewa. Wa ya manta The Matrix? Ya fito a 1999, ya ci kyautar Oscar huɗu. Mu nan a gidan bidiyo muka kalle shi, kan benci, dala biyar kuɗin shiga, yara na ihu duk lokacin da jarumin ya lanƙwashe baya harsashi ya wuce. Wata guda samarin unguwa na yawo da baƙin tabarau. Waɗanda suka rubuta fim ɗin suka kuma shirya shi ƴan'uwa biyu ne daga Shikago, ƴan gidan Wachowski. A yau mata ne, Lana da Lilly. Lana ta bayyana kanta a 2012. Lilly kuwa a 2016, kuma ba don ta shirya ba: ɗan jarida ne ya buga mata ƙofa da dare, ta gane za a fallasa ta, sai ta riga su faɗi da bakinta.

Na ajiye salula na ce wa kaina, wannan ai al'amarin Turawa ne. Ban gama faɗi ba wani mutum ya faɗo mani a rai, wanda na yi shekara ashirin ina ƙoƙarin mantawa.

A unguwar da na tashi akwai wani ɗan daudu da muke kira Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Yana da rumfa kusa da tasha, yana soya kaji da waina. Zane yake ɗaurawa a ƙirji in yana aiki, yana magana yana karya wuya yana tafa hannu, bakinsa cike da habaici da karin magana da ban taɓa ji a bakin kowa ba. Ba zan ce shi da Bambi abu ɗaya ba ne. Daudanci tsohon abu ne a ƙasar Hausa, yana da tarihinsa da bori da bukukuwa da sana'ar abinci. Da yawa daga ƴan daudu suna da mata da ƴaƴa, ba su taɓa cewa su mata ba ne, ko da yake a tsakaninsu sukan kira juna da sunayen mata. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya rubuta littafi a kansu a 2009, ya sa masa suna da maganar da sukan faɗa, cewa Allah ne ya yi su. Shi Kawu me yake ɗaukar kansa? Ban taɓa tambayarsa ba. Ba wanda ya taɓa tambayarsa. Inda suka haɗu da Bambi shi ne ƙofar nan guda da aka bar masu.

Ba a buki a unguwarmu sai da Kawu. Shi ke auna shinkafa, shi ke sanin tukunya nawa za ta ishi mutum ɗari biyu, shi ke jera kwanonin amarya a ɗaki har mata su tsaya kallo. A bukin yayata kwana uku ya yi a gidanmu bai runtsa ba. Maza suka ci suka side hannu, suka yi ta santi. In ya zo wucewa ta ƙofar gida kuwa sai su kau da kai, wani ya yi tsaki, wani ya tofar da yawu. Ni ina yaro ina gani, na ɗauka haka duniya take.

Shekarar da na ci jarrabawar shiga kwalej, babanmu ba ya da lafiya, gero ya ƙare a rumbu. Inna ta rasa kuɗin kaye da bik da yadin wando. Wata safiya Kawu ya leƙo, ya kira ta gefe, ya kwance bakin zanensa ya ba ta jikka biyu. Na ji yana cewa: "Ki sai ma ɗana kayan lakwal. In ya zama mushe ya koya mani rubuta sunana." Inna ta yi ta godiya. Da wannan kuɗi na shiga ajin farko na kwalej.

Na zama mushe kuwa. Amma kafin nan gari ya sauya. A shekarar 2000 jihohin arewacin Najeriya suka fara shari'a, iskar ta ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa. A watan Nuwamba na shekarar, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an ƙona mashaya da gidajen mata masu zaman kansu a nan Maraɗi. Daga nan masu buki suka fara jin nauyin a ga ɗan daudu a tsakar gidansu. Wasu sukan ba shi aikin a ɓoye, ya dafa a rumfarsa, a aiko yara su ɗauka da almuru. Tuwon dai ba a fasa ci ba.

Wata rana bayan haka muna tafe da abokan aikina uku, mun taso daga lakwal, kowa da jakarsa, muka bi ta tasha. Sai na ji murya daga rumfa: "Mushe! Ɗana! Ka zama babban mutum ka manta da mu?" Ya taso yana share hannu a zane, fuskarsa cike da murna. Ɗaya daga abokaina ya dube ni yana murmushi ya ce: "A'a, ka san shi ne?" Na ce ban san shi ba. Da ƙarfi na faɗa, yadda zai ji. Ya tsaya cak da hannunsa a miƙe. Sai ya yi ƴar dariya ya ce: "Yi haƙuri, Mushe, kama ce ta yi yawa." Ya koma wajen kaskonsa. Ko a wannan lokaci rufa mani asiri ya yi.

Labari ya riga ni zuwa gida. Inna ba ta ɗaga murya ba. Tana tsince wake ta ce: "Wandon da ka tahi lakwal da shi, ka san wa ya saye shi?" Na ce na sani. Ta ce: "Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski. Shi ko ba kuturu ba ne, ku kuka maishe shi." Ta ce in je in ba shi haƙuri. Na ce zan je. Na yi ta cewa gobe, har aka yi mani canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye. Da na dawo bakanse rumfar ta zama ta mai sayar da katin waya. Aka ce ya yi jinya ya rasu, waɗanda suka raka shi kushewa ba su cika sahu biyu ba, a unguwar da babu gidan da bai ci girkinsa ba. Ban koya masa rubuta sunansa ba.

Ni ba malamin addini ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Hukuncin sauya jinsi da na kamanta kai da mata yana wajen masana, kuma na san matsayin mafi yawan masu karanta wannan shafi. Abin da na sani shi ne magabata ba su yi kamar ba su san irin waɗannan mutane ba. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba tsakanin wanda aka halitta da ɗabi'ar mata, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙiro wa kansa. Littafin waƙoƙi na Abul Faraj al-Isfahani ya adana labarin Ɗuwais, mawaƙin Madina na ƙarnin farko na hijira, wanda irin wannan mutum ne kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara gyara waƙar Larabci. Ban kuma taɓa jin malamin da ya halatta butulci ba, ko ya ce amsa sallama ta faɗi a kan wani don yadda yake tafiya. Abin da na yi a tasha ba tsoron Allah ya sa ni ba. Tsoron murmushin abokin aikina ne.

Shi ya sa labarin matan nan ya hana ni barci. Za ka iya ƙin yarda da hanyar da Bambi ta bi, wannan tsakaninka da fahimtarka ne. Amma ɗaruruwan yaran da ta koya wa karatu a Garges sun iya karatun, ba a kuma kwance shi daga kansu. Wanda ya ji daɗin kiɗan Wendy Carlos ya riga ya ji. Mu da muka biya dala biyar muka yi ihu a gidan bidiyo mun riga mun yi. Da Paris da Shikago da tashar Maraɗi ciniki ɗaya muka ƙulla da su: kawo abin hannunka, ka ɓoye fuskarka. Turawan sun fi mu kuɗi da lambobin girma, amma cinikin bai sauya ba. Kuma waɗannan da na lissafa su ne suka yi sa'a, har aka yi fim a kansu. Mafi yawa sun ƙare kamar Kawu, ba hoto, ba littafi.

A kowace shekara, cikin yara saba'in ko tamanin da ake cusa mani a aji, ba a rasa guda da sauran ke kira ɗan daudu, don muryarsa ko tafiyarsa ko don ya fi sakewa cikin ƴan mata. A da in an tsokane shi nakan yi kamar ban ji ba, wani lokaci ma in murmusa don aji ya san ina tare da su. Ban san abin da yaron zai zama ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Ba aikina ba ne in zaɓa masa. Aikina shi ne ya fita daga hannuna ya iya karatu da rubutu, yadda ƙofofin da za su buɗe masa za su wuce guda ɗaya.

Da aka koma lakwal a watan Oktoba, a mako na biyu, wani yaro ya tashi zai karanta, sai na ji an yi ƴar siririyar murya daga bayan aji ana kwaikwayonsa, aka fashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai zai zauna. Na buga allo na ce kowa ya yi shiru. Na ce masa: "Ɗana, tashi ka ci gaba, muna saurarenka." Ya karanta shafin har ƙarshe, kuskurensa biyu kacal.

Na rubuta wa ɗalibin nan na Faransa na ce na kalla, na gode. Ya tambaye ni yaya na ga abokiyar aikin tawa. Na ce masa ta fi ni iya Faransanci, ta kuma fi ni haƙuri. Ranar Juma'ar da ta biyo na sa aka soya waina aka raba wa almajirai a bakin tasha, daidai inda rumfar take a da. Mai katin waya ya tambaye ni sadakar wa ce. Na ce ta kawuna ce.